Ƙarfen Jegon Inna Tahira

Ina zaune a bakin gado riƙe da jaririn Yaya Hafsatu lokacin da kunnen bindigar, ɗan ƙarfen da ke bayanta, ya fara ɗagowa da kansa. Da hantsi ne, ɗakin yana ta ƙamshin kunun kanwa. Inna Tahira tana tsaye a gabana, ta sa yatsu biyu tana jan kunamar, kamar yadda ta saba ja a ɗakin kowace mai jego a garinmu don ta nuna wa mutane cewa abin ba ya motsi. Sai ya motsa. Gangar bindigar mai ramuka shida ta juya a hankali, kunnen ya yi baya, ya faɗo, ya ce ƙas. Bakin bindigar yana kallon ƙirjina, wato yana kallon yaron. Daga inda nake ina hango kawunan wasu abubuwa biyu masu launin toka a cikin ramukan, ɗaya daga ciki ya matso dab da baki.

"Au," in ji Inna Tahira, tana duban bindigar. "Yau kuma kin farka?"

Ta gyara yatsunta za ta sake ja.

"Inna, kada ki ƙara," na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba.

"Sau uku ake yi, ƙawata. Ke ma sau uku aka yi miki."

"Don girman Allah ki juyar da bakinta bango, ki ajiye ta a ƙasa."

Yaya Hafsatu, wadda ke kishingiɗe a bayana, ba ta ga abin da na gani ba, amma ta ji muryata. Ta ce, "Inna, ki yi abin da Aina'u ta ce." Inna ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta taɓe baki, ta sunkuya ta ajiye bindigar kusa da ƙafar gado. Ta ce 'ya'yan zamani ba su da zuciya. Ni kuwa na kasa miƙa yaron, sai da Yaya ta ɓamɓare shi daga hannuna.

Yanzu bindigar tana hannun 'yan sanda, Inna Tahira tana gida bisa belin dagacinmu, kuma mai yiwuwa ne a kai ta kotu. Ta haura shekara tamanin. Na ji yadda labarin ya fara yawo a kasuwar Ɗanbatta, wai an kama wata tsohuwa da makami a Markewa, har wasu suna cewa ita ke ajiye wa ɓarayin daji kaya. Shi ya sa na ga gara in rubuta ko wace ce ita, tunda na gama jami'a ina zaune a gida ina jiran kiran bautar ƙasa.

Inna Tahira ƙanwar kakata ce ta wajen uba. Ita ce ungozomar Markewa tun kafin a haifi mahaifina. Gajeriya ce, baƙa, mai ƙarfin hannu irin na matan da suka tashi da taɓarya, kuma ba ta taɓa mantawa da yadda mutum ya zo duniya. In ka yi mata girman kai a hanya, sai ta tsaya ta gaya wa jama'a cewa kai ne ka fito da kai kamar goran nono, aka yi ta mulmula shi kafin ya yi kama da na mutane. Maza da yawa masu furfura suna sauya hanya in sun hango ta.

Mahaifinta, Malam Muntaka, mai kula da doki ne a wajen wani Bature da ke yawon sayen gyaɗa a kasuwannin ƙasarmu zamanin mulkin Turawa. Ba wanda ya riƙe sunan Baturen, Mai Lema ake ce masa. Yana da libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai ganga, kuma ba ta da wani aiki a wurinsa sai harbin shirwar da ke ɗaukar masa 'yan tsaki, da gwangwanayen da yake jerawa a kan dutse in ya sha abin da yake sha da yamma. Malam Muntaka yana gefe riƙe da linzami, yana kallo. Abin da ya lura da shi shi ne, duk sanda Mai Lema zai yi harbi, sai ya fara sa babban yatsa ya janyo wani ɗan ƙarfe da ke bayan bindigar, mai kama da kunnen akuya, sannan ya ja kunama. Bai taɓa ganin ya yi harbi ba tare da ya ɗaga wannan kunnen ba.

Da Mai Lema zai bar ƙasar, gab da samun mulkin kai, ya bar wa Malam Muntaka sirdi da butar shayi da wasu takalman da ba su shige shi ba. Sai daga baya aka ga bindigar a cikin jakar sirdin. Malam Muntaka ya bi shi Kano da ƙafa don ya mayar masa, aka ce ai tuni ya hau jirgin ƙasa ya yi Ikko. Ya dawo da ita gida, ya tara iyalinsa, ya kafa doka ɗaya: muddin ba a ɗaga mata kunne ba, ƙarfe ce kawai. Kowa ya yarda, don shi ne ya zauna da Bature.

Yadda ta koma kayan jego kuwa, daga ɗakin Inna Tahira abin ya fara. A wajenmu akan ajiye wuƙa ko wani ƙarfe a saitin kan jariri har ranar suna, wai don kada wani abin da ba a gani ya raɓe shi. Inna ta haifi 'ya'ya biyu, an sa musu wuƙa, duk sun koma. Da ta haifi na uku, mahaifinta ya zo barka da bindigar a naɗe cikin saƙi, ya ce in wuƙa ta yi kaɗan, ga abin da shirwa ma ke tsoro. Wannan yaron shi ne Kawu Yahya, wanda yanzu yake da jikoki. Maƙwabciya ta haihu ta aiko a ara mata. Ta gaba ma haka. Kafin a farga, ba a haihuwa a Markewa sai an aika a ɗauko ƙarfen, kuma tunda ba a ba da shi sai da mai shi, sai Inna ta riƙa zuwa, ta riƙa taimaka wa tsohuwar ungozomar lokacin, har ta gaje ta. Ita da bakinta take cewa ba ita ta zaɓi sana'ar ba, rakiya ta yi.

Ba kowace mai jego ke son a tura mata bindiga ƙarƙashin matashi ba, musamman amaren da aka kawo daga wasu garuruwa. Domin su ne Inna ta ƙirƙiro al'adarta. Sai ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ta yi bisimilla, ta ja kunamar da iya ƙarfinta har sau uku, ta ce, "Kin gani? Barci take yi." Kuma ba ta taɓa motsi ba. Tsatsa ta riga ta kama cikinta tun tana jakar sirdi, sannan duk sanda ta dawo daga gidan suna, Inna takan shafe ta da man kaɗanya ta naɗe. Man ya yi ta taruwa yana daskarewa da ƙura shekara da shekaru, har abin ya koma baƙi ƙirin, kamar an ƙera bindiga da daddawa. Ni da na tashi ina ganinta ban taɓa ɗaukarta makami ba. Tana cikin kayan jego ne kamar tukunyar wanka da ganyen darbejiya.

Inna ta san abin da ke hannunta, ta kuma yi mulki da shi. In mata biyu suka haihu a tare, sai ta ce ƙarfen ne zai zaɓa, kuma kullum yakan zaɓi gidan da aka fi iya dama kunu. Wani mutum da ya taɓa barin awakinsa suka cinye mata wake, da matarsa ta haihu sai Inna ta aika masa cewa ƙarfen ba ya jin daɗi. Sai da ya zo da kansa ya tsuguna a zaure ya tambayi lafiyarsa. Shekarar da ɓarayin shanu suka dami yankinmu, samarin sintiri suka zo a ba su aronta ko don a riƙa nuna ta daga nesa. Ta ce su yi haƙuri, tana gidan haihuwa, in an yi suna su dawo. Da suka dawo, ta ce wata ta sake haihuwa. A Markewa kuwa ba a rasa mai haihuwa.

Malam Khalilu, limaminmu, ya sha yin wa'azi cewa ƙarfe ba ya tsare kowa, Allah ne mai tsarewa. Inna ba ta taɓa musa masa ba. Takan ce, "Ni ma abin da nake gaya musu ke nan, Malam. Ita dai ta saba zuwa barka ne, in an hana ta sai ta ji ba daɗi." Matarsa Sakinatu kuwa duk haihuwar da ta yi, ta kan danga ake miƙa mata ƙunshin. Washegari Inna za ta tare shi a hanyar masallaci, ta durƙusa da ladabi, ta ce, "Malam, ya mai jego? Ya kuma baƙuwar taku, ta kwana lafiya?" Shi kuma ya amsa da alhamdulillahi, ya ƙara sauri.

Da aka fara zuwa asibiti haihuwa, aikinta ya ragu, ya koma wanka da gashi da kai ƙarfe. Ba ta yi fushi da asibiti ba. Takan raka mai naƙuda har Bici, ta zauna a kan benci a waje da ƙunshinta a cinya, don yaro ya dawo gida tare da shi. Da na tambaye ta shingen jami'an tsaro nawa ta wuce da bindiga a cinya, ta ce ita ba ta ƙirga ba, amma duk yaran kirki ne, suna gaishe ta.

Abin da ya sauya bana shi ne Sabiru, mijin Yaya Hafsatu. Makanike ne, yana gyaran injinan ban ruwa a wajen masu noman rani na Watari, kuma mutum ne da ba ya iya ganin ƙarfe da datti ya kawar da kai. Da watan haihuwar Yaya ya kama, Inna ta ba shi bindigar ya ɗaure mata katakon mariƙin da ke girgiɗi. Wannan kawai ta ce. Shi kuwa ɗansa na fari ne zai kwana a kai. Ya jiƙa ta a kananzir, ya kankare man kaɗanyar kakanninmu da tsohon buroshin haƙori, ya wanke da fetur, ya ɗiga mata man inji a duk wata gaɓa, ya naɗe ya mayar. Inna ba ta buɗe ba sai a ɗakin mai jego. Da ta ga tana sheƙi, cewa ta yi, "Angona ya yi mata wanka," ta ci gaba da bisimillarta.

Da aka kira shi daga waje aka gaya masa abin da ya faru, sai ya nemi turmi ya zauna a kai.

"Ni fa ban buɗe ta ba," ya ce. "Na nemi inda ake buɗewa ban gane ba."

"Abubuwan da ke cikin ramukan fa?" na tambaye shi.

"Na ɗauka toshiya ce, don kada ƙasa ta shiga."

"Haƙoranta ne," in ji Inna. "Biyu suka rage mata, kamar ni. Haka Baba ya same ta."

"Inna, harsasai ne," na ce.

"To ai na sani, ƙawata. Sai dai in an ɗaga kunne. Wa ya ɗaga? Kun ga na ɗaga?" Ta juya kan Sabiru. "Kai na ba ka ɗaurin katako, ka je ka tashi abin da ya yi shekara sittin yana barci. Haka kake yi wa injinan mutane?"

Sabiru ya ce ai su injinan so ake su tashi. Daga nan ya shiga ɗaki ya tsaya a kan ɗansa yana kallo. Kawu Yahya ne ya zo ya ɗauki bindigar da tsumma, ya soka bakinta cikin bokitin yashi, aka kai ta tsohon rumbun da ba a zuba komai, aka rufe.

Na kasa cin abinci ranar. Tambayar da ta hana ni sakat ita ce tambayar Inna: wa ya ɗaga kunnen? Na hau kan tudun bayan gida inda waya ke samun sabis, na yi ta karatu. Washegari na sami Inna a tsakar gidanta tana ɓarar gyaɗa, na zauna na ja kwarya, na ce zan ba ta tarihin baƙuwarta.

Na gaya mata cewa a shekarar 1836 wani Ba'amurke mai suna Samuel Colt ya yi rajistar irin wannan bindiga mai ganga. A tasa, dole mai harbi ya ɗaga kunne da babban yatsa kafin kowane harbi. Ɗaga kunnen ne ke juya ganga ya kawo sabon rami, kunama kuwa aikinta ɗaya ne tak, ta saki kunnen ya faɗo. Shi ya sa ake ce wa irinta mai aiki ɗaya. In ba a ɗaga kunne ba, ko ka kwana kana jan kunama ba abin da zai faru.

"To ka ji mutumin kirki," in ji Inna. "Abin da Baba ya faɗa ke nan."

Na ce da saura. A 1851 wani maƙerin bindigogi a Landan, Robert Adams, ya fito da wata wadda jan kunama kaɗai ke yin komai: ya juya ganga, ya ɗaga kunne, ya sake shi. Ita ce mai aiki biyu. Hafsoshin sojan Ingila da yawa suka so ta, don in an yi gaba da gaba ba ka da lokacin neman kunne da yatsa. Masu son ta Colt kuma suka ce tasu ta fi saiti, don kunamar waccan tana da tauri, kafin ka gama ja hannunka ya karkace. Ba a daɗe ba aka haɗa dabarun biyu a bindiga ɗaya: in kana da lokaci ka ɗaga kunne ka yi saiti, in ba ka da shi ka ja kunama kawai. Kafin Turawa su iso Kano, irin wannan ce ta zama ruwan dare a hannun hafsoshinsu. Ban san ainihin sunan tata ba, don rubutun jikinta ya goge, amma abin da ta yi a gabanmu ya nuna ko wace iri ce.

Inna ta daina ɓara. "Shi wannan Adamun, wa ya aike shi?"

"Yaƙi ne, Inna. Sauri suke so."

"Mutum ya ƙera abu mai ladabi, wanda ba ya magana sai an ja masa kunne, wani ya zo ya koya masa rashin kunya." Ta jefa ɓawo gefe. "To shi Mai Lema me ya sa kullum sai ya ɗaga?"

"Shirwa yake harbi. Saiti yake so, kuma ba abin da ke korarsa."

"Wato Baba bai yi ƙarya ba."

"Bai yi ba. Abin da ya gani ya faɗa."

"Rabin karatun aka yi a gabansa," ta ce.

Ta bar hannunta a cikin gyaɗa. Na ga leɓenta yana motsi, na ɗauka tasbihi take yi, sai na ji sunaye ne. Gida gida take bi, daga gabashin gari, tana kiran matan da ta tsaya a gabansu ta ja kunamar. Ba ta kai ƙarshe ba ta tashi, ta yafa mayafi, ta tafi gidan Yaya. An ce da ta shiga ba ta yi wa kowa tsiya ba. Ta zauna ta kama ƙafar yaron ta riƙe, ta daɗe a haka, sannan ta ce kunun da aka dama ya yi ruwa, ta fito.

Maganar abin da za a yi da bindigar ta koma zauren dagaci. Wasu suka ce a jefa ta tsohuwar rijiya. Wasu suka ce a binne. Sabiru ya ce zai iya kai ta tsakiyar madatsar Watari a kwalekwale. Dagaci, wanda shi ma a kanta ya yi kwanakinsa na farko a duniya, ya ce da a ce labarin bai fita ba da sai a duba, amma matan da suka zo barka sun riga sun kai shi ƙauyuka uku. Ya ce a wannan zamani da ake fama da 'yan bindiga a dazukan maƙwabta, in hukuma ta ji akwai makami a Markewa ta zo ta tarar mun ɓoye, ba wanda zai tsaya sauraron labarin jego. Gara mu kai da kanmu, da rana, da mai ita.

Inna ta ce dama ba wanda zai kai ta ko'ina ba da ita ba. Ta sa atamfarta ta zuwa biki. Rigima ta tashi a bakin motar dagaci da aka buɗe but ɗin baya za a sa bokitin yashin.

"A nan za ku sa ta? Da tayar mota?"

"Inna, ai ba za a sa ta cikin mutane ba," in ji Dagaci.

"Kai da ka yi mata fitsari tun ba ka da suna, yau kai ne kake ƙyamarta?"

Dagaci ya gyara rawaninsa, ya ce wa direba ya rufe but. Muka shiga, ni da ita da Sabiru a baya. Duk ramin da motar ta faɗa sai na runtse ido.

A ofishin 'yan sanda an karɓe mu da mutunci. Jami'in da ya zauna da mu ya sa an ba Inna kujera, ya ɗauki biro.

"Baba, wannan bindiga taki ce?"

"Ta Mai Lema ce. Ajiya ce a wajenmu, bai dawo ba."

"Tun yaushe?"

"Tun ba a haifi babanka ba, sai dai in da wuri ya zo."

"Kina da lasisi?"

"Ita ko ni?"

"Kin taɓa harba ta?"

"Allah ya kiyaye. Ja kawai nake yi."

Ya ɗago kai ya dube ta, ya dubi Dagaci. "Mutum nawa suka san tana wurinki?"

"Duk mai cibiya a Markewa."

"To me kike yi da ita?"

"Jego."

Ya ajiye biron. Dagaci ya yi bayani, na ƙara da abin da na gani da abin da na karanta, Sabiru ya faɗi nasa yana share gumi. Jami'in ya saurara har ƙarshe, sau biyu yana rufe baki da hannu. Sannan ya ce shi ya fahimta, kuma kawo ta da muka yi da kanmu zai taimaka, amma ajiye bindiga ba lasisi laifi ne a doka, ko a hannun wa take, kuma ba shi kaɗai zai yanke ba. Za a aika da ita Kano, masana su buɗe ta, su duba ko harsasan suna da rai, su kuma tabbatar ba a yi harbi da ita ba a 'yan shekarun nan. In sakamako ya zo, manyansa za su ce ko a ɗauke ta a matsayin makamin da aka miƙa don kai, ko a kai magana kotu. Dagaci ya tsaya mata, aka ce mu tafi gida.

Da za mu fita, Inna ta tsaya ta ce wa jami'in kada su bar ta a wuri mai laima, kuma in za su shafa mata mai, kada su sa na inji, sun dai ga abin da ya jawo. Ya ce zai gaya musu. Ta tambaye shi ko matarsa tana da ciki. Ya ce wata bakwai. Ta ce to Allah ya raba lafiya, amma ya sani ba za a ara masa ba sai ya bi ta hannunta.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka bar kwalta. Sannan ta taɓa gwiwata ta ce, "Ƙawata, a gidan yarin nan, mata suna haihuwa?" Na ce ban sani ba, kuma ba za a kai ta ba in Allah ya yarda. Ta ce ita tambaya kawai ta yi, don ta san ko za ta tafi da rezarta. Dagaci ya yi dariya, Sabiru ma. Ni na ga yadda ta damƙe gefen mayafinta, ban yi ba.

An yi suna, yaron ya ci sunan Jamil. Inna ta ci gaba da zuwa yi wa Yaya wanka safe da yamma, tana kuma gaya wa duk wanda ya tsaya cewa gwamnati ce ta aiko aron ƙarfenta. Malam Khalilu ya zo har gida ya yi mata addu'a, ya ce in an kira shi shaida zai je ya faɗi halinta. Ta ce ya faɗi rabi ya isa. Sabiru ya koma Watari, amma an ce yanzu in aka kawo masa gyara sai ya tambaya sau biyu iya ina ake so ya tsaya. Ni kuwa har yau in aka saki sakatar ƙofa ta yi ƙara sai na waiwaya da sauri, kuma ban iya ɗaukar Jamil ina fuskantar mutum ba, sai na juya gefe.

Kawu Yahya ya daina zuwa gona da wayarsa a kashe. Jiya da la'asar Dagaci ya sake kiran ofishin, suka ce sakamako bai zo daga Kano ba. Ba mu san ko harsasan nan biyu suna da rai ba, ba mu kuma san ko za a kai Inna Tahira kotu ba. Sun ce za su kira.